Gugan Farko na Rijiyar Tilmas

To jama'a, na zaune da na kishingiɗe, da mai karantawa a wayarsa da mai leƙen wayar wani, a gyara zama. Inda za mu ɗauko zancen shi ne daidai lokacin da kunkurun ya yi tuntuɓe a tsakiyar Tekun Gishiri, na'urata ta kiɗa ta sulale daga gadon bayansa tana neman ƙasa, na cafke igiyarta da hannu ɗaya, Iya Yalwa ta cafke ƙafata da hannu biyu tana zagina.

"Sake ta mana, maigida," in ji ta. "A kan akwatin ƙarfe za ka mai da ni bazawara?"

"Iya, in ta faɗi fa tafiyar ta ƙare."

"To ja ta. Kai da yatsu har shida ka kasa riƙe abu ɗaya?"

Na ja na'urar, Iya ta ja ni, kunkurun ya gyara tsayuwa kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Har yau in na tuna wurin nan sai in ji ƙamshin man shanun da take shafa wa ƙafarta, don a nan fuskata ta sauka.

Au, na manta ba kowa ya san mu ba. Ni ne Cindo, ɗan Birnin Dashe, a ƙasarmu mai rana biyu, babba da ƙarama. Iya Yalwa kuwa ba matata ba ce fa, kar ku ɗauka wani abu. Tsohuwa ce ta unguwarmu da ta yi jika da ni, wasan kaka da jika ne ya sa take ce min maigida, wani lokacin ta ƙara da "marar cefane". Kunkurun kuma girmansa ya kai zaure, shi ake hawa a ƙetare gishirin don ƙafar raƙumi tsagewa take yi a kai.

Ba wanda ya koya min kiɗa. Na'urar ma a bola na tsince ta bayan wani gidan rawa da aka rufe, na yi ta jagwalgwala ta har ta fara amsa min. Ka ba ta kukan jaki ta mayar maka da shi kamar algaita. Ka ba ta ƙarar ƙofa ta yi maka ganga da ita. Da ita nake yi wa samarin unguwa kiɗan rawa, kuma ni a ganina a nan zan tsufa.

Sai ran nan Wakili Dogara ya aiko a kira ni. Shi ne shugaban mutanen Tilmas da ke zaune a birninmu. Tilmas gari ne da jiragen Ƙarfawa suka zuba wa wuta ran kasuwa a lokacin Yaƙin Gishiri, waɗanda suka tsira su ne suka zo suka kafa unguwar da na tashi a ciki. Ni iyayena masu gawayi ne daga kudu, amma tuwon mutanen Tilmas na ci na girma.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, in maganar kiɗan da na sa ran Juma'a ce, wallahi lasifikar ce ta ƙwace min."

"Zauna," in ji shi. "Bana shekara talatin da ƙone Tilmas. Muna so a yi mana faifai guda, kiɗa bayan kiɗa, wanda za a sa ran tunawa, a kuma aika da shi ƙasashe. Ka san mu ba ma kaɗa fata saboda mamaci, don fata ma gawa ce. Naka kiɗan an ce ba fata a ciki."

"Babu, ranka ya daɗe. Waya ce da wuta."

"To za ka je Tilmas. Ƙarfawa na koya wa 'ya'yansu wai fari ne ya tashi garinmu, wai da ƙafarmu muka fita. Ina so ka ɗebo min ranar nan daga rijiya, duniya ta ji da kunnenta."

Bari in yi muku bayanin rijiyar, don ni ma a lokacin ban gane ba. Rijiyoyin Tilmas shan magana suke yi. Duk abin da aka faɗa a bakinsu sai ya kwanta a kan ruwan, na jiya a ƙasa, na yau a sama. In ka ja guga ka zubar, sai maganar ta fito a jere kamar yadda aka yi ta, sau ɗaya tak, ta bi iska. Tun ranar wutar kuwa ba wanda ya ƙara jefa guga. Kun ga ke nan ranar tana nan kwance a saman ruwa tana jira.

Ina fitowa daga zauren na tarar da Iya Yalwa a bakin ƙofa da ƙunshin kayanta a ka. Babanta mai yasar rijiya ne, ita kaɗai ta rage da ta san hanya.

"Ni ba don Wakili zan je ba," ta ce min muna tafe. "Na manta muryar Kyauta."

Kyauta 'yarta ce guda ɗaya. Ta yi aure a nesa, ta daɗe ba ta zo gida ba, sai ta aiko za ta zo ran kasuwar. Iya ta kasa zama, ta fita taryenta ta hanyar yamma. Ita kuwa Kyauta ta yanko ta gabas, wutar ta same ta a cikin gari. Abin da ya sa Iya ta rayu ke nan, abin da ya sa kuma ba su haɗu ba.

"Fuskarta na nan, har tabon goshinta," in ji Iya. "Amma in na sa ta ta yi magana a raina, muryata nake ji. Ga kunnen nan kuma kullum ƙara toshewa yake. Duk wanda ya dawo daga tafiya a Tilmas sai ya tsaya ya gai da rijiyar ƙofa ya faɗi sunansa. Tana ciki, maigida. So nake in ji ta kafin kunnen ya rufe."

To kun ji abin da ya hau da mu kunkuru.

Muna sauka daga gishirin sai Ƙofar Shiru, inda sojojin Ƙarfawa ke gadi. Dokarsu ɗaya ce: duk abin da ke riƙe sauti ba ya shiga ƙasar Tilmas. Tun daga nesa na hango tulin ganguna da rediyoyi, har da kejin aku an ɗaure musu baki da zare. Na rungume na'urata. Iya kuwa ko a jikinta. Ta sa na kife na'urar a ƙarƙashin rana biyun nan har ƙarfen bayanta ya yi zafin da ba a taɓawa, ta ce in cire wayar ƙananan lasifiku in bar babbar kawai. Ashe tun jiya ta jiƙa ƙullu a ƙwarya. Ta shafa mai, ta zuba, sinasir ya fara ƙamshi.

Wani saje mai tumbi ya taso. "Tsohuwa, mene ne wannan?"

"Murhu ne, ɗana. Hayaƙi ya cinye min ido, shi ne jikana ya ƙera min."

Ya sunkuya ya leƙa ƙasa. "Murhu da maɓallai haka?"

"Na ƙara wuta da na rage wuta. Cindo, nuna masa na juyi."

Na zura hannu na danna bugun da ya fi kowanne zurfi, irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Na'urar ta yi dum, sinasir ya yi tsalle sama ya juya da kansa ya dawo ya kwanta. Saje ya riƙe haɓa. Ya kira 'yan uwansa, na yi ta dannawa, sinasir na ta tsalle, suna ci suna lashe yatsu. Da ya ce a bar masa ya kai wa matarsa, sai Iya ta kama hannuna ta ɗaga.

"Sai mai yatsu shida yake kunna shi. In matarka na da shi, ɗauka."

Ya ƙirga nawa, ya dubi nasa, ya ce mu wuce. Kai, na yi kewar ƙaryar tsohuwar nan. Ko ƙifta ido ba ta yi.

Daga nan sai Kwarin Aro. Tun kafin mu gangara Iya ta ja min kunne. "Tsuntsayen wurin nan aron murya suke yi. Duk wanda ya yi magana a ciki sai su ɗauke tasa, sai sun gama wasa da ita su dawo masa. Ka iya yin shiru?"

Na ce ai ni shiru ne aikina. Ta kalle ni kawai.

Muka shiga. Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Bishiyoyi cike da tsuntsaye jajaye, ba mai kukan tsuntsu a cikinsu. Wannan yana luguden daka, taɓarya uku na amsa wa juna. Wancan yana ƙarar masaƙa. Wani yana kukan ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Kakanninsu ne suka gudo daga Tilmas da sautin garin a bakinsu, suna ta koya wa 'ya'yansu. Gari guda ne a kan rassa, ba mutum ko ɗaya. Na kunna na'ura tana ɗauka, ban san lokacin da bakina ya ce, "Iya, kin ji kuwa?" ba.

Shi ke nan. Wani ɗan tsuntsu ya sauko fir ya wuce ta gaban fuskata, na buɗe baki ba komai sai iska. Can sai na ji muryata a saman tsamiya tana ta cewa Iya kin ji kuwa, Iya kin ji kuwa.

Da muka hau tudu Iya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Allah ya yi wa tsuntsayen nan albarka. Da na sani da tun kana goye na kawo ka." Sai kuma dariyar ta tsaya. "A cikinsu ka ji mai muryar mace?"

Na girgiza kai. Maganar mutum ba ta daɗewa a bakinsu, shi ya sa ake ce musu na aro.

"Ni ko dakan ma ban ji ba," ta ce. "Gani kawai na yi suna buɗe baki."

A nan na san kunnen ya fi yadda take faɗa lalacewa. Sai da muka kusa Tilmas muryar ta dawo, tana warin 'ya'yan tsamiya.

Tilmas dai ba wani abin gani. Katangu sun narke sun daskare kamar an zubar da ruwan kwalba. Amma Iya tafiya take tana nuni kamar mai zagayawa da baƙo a garin da ke cike. Nan masu rini suke, hannunsu shuɗi har ran sallah. Nan gidan Baba Marka mai daddawa, wadda kajinta suka fi 'ya'yanta ladabi. Nan aka yi mata kunyar farko, wani saurayi ya ba ta goriba ta jefe shi da ita, shi ne kuma ta aura. Ni ina ganin yashi, ita tana kauce wa kwata.

Rijiyar ƙofa na nan, wani ƙyauren ƙarfe ya faɗo ya rufe bakinta. Muka ture shi da ƙyar. Iya ta ɗaura dutse a igiya ta zura, sai ta sa igiyar a baki ta cije, ta lumshe ido.

"Iya, yunwa ce?"

"Haka babana ke yi. A can ƙasa kunne ba ya aiki, haƙori ke gaya maka inda ruwa yake." Ta ɗan ƙara sakin igiya. "Ga shi nan. Bai ƙafe ba."

Na kafa makirfo a inda za a zubar da ruwan, na sa abin kunnena. Sai na ga ta ciro auduga daga ƙunshinta tana miƙo min.

"Cire wannan ka toshe kunnenka. Ba a sauraron gugan farko."

"Iya, shi fa aka aiko ni in ɗebo."

"A Tilmas ko wace safiya gugan farko na ƙasa ne. A juya baya, a toshe kunne, a zubar. Abin da mutum ya faɗa lokacin da yake zaton ba mai jin sa ne a ciki. Balle wannan. Kukan mutum a bakin mutuwa tsiraicinsa ne, Cindo. In ka tarar da maƙwabcinka tsirara rufe shi za ka yi, ko kiran mutane za ka yi su zo kallo?"

Ba ta cika kiran sunana ba, shi ya sa na san da gaske take. Amma na tuna idon Wakili.

"In muka zubar ya tafi ke nan har abada. Ƙarfawa su ci gaba da cewa fari ne. Wakili ma fa ɗan Tilmas ne."

"Dogara yana goye aka fita da shi. Bai san muryar kowa a ciki ba. Ni na san su duka."

Muka yi ta ja, babbar rana ta karkata, ƙaramar ta hau. A ƙarshe na ce, "To mu mu juya baya mu toshe kunne. Na'ura ba mutum ba ce, ba ta da maƙwabci. Ta ɗauka ta ajiye a rufe. In mun koma gida manya su yanke."

Ta daɗe tana kallon akwatin. "A rufe," ta ce.

"A rufe."

Ta zaɓi ƙaramin guga, ta ce za ta yaɗo saman kawai kamar mai kwashe man nono, don Kyauta da hantsi ya kamata ta iso, wutar kuwa da rana tsaka ta sauka. Ta ja, muka cusa auduga, muka juya baya, ta tuntsurar da gugan da dunduniya. Ban ji komai ba. Ƙasa ce kawai ta yi ta rawa a tafin ƙafata, ta daɗe tana yi, sannan ta tsaya.

Guga na biyu muka cire auduga. Ruwan na zuba sai kasuwa ta tashi a tsakiyar kangon nan. Mai tallan fura, jaki, wasu mata na gardamar wa ya riga wa zuwa, wani yaro na kukan an ƙwace masa rake. Ni nake saurara in faɗa wa Iya da ƙarfi a kunne, ita kuma tana ba ni sunayen. "Wannan Tunau ne, bai taɓa sayen abu bai ce ya yi tsada ba." Baƙi sun gai da rijiya, wani daga arewa, wani mai gishiri. Ba Kyauta.

Guga na uku, safiya ce sosai, zakaru na cara. Sai wata mace mai zaƙin murya ta ce, "Marka, in kin ga hayaƙi ki duba min tukunya, na tafi taryen Kyauta."

Na faɗa wa Iya. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ta zauna a bakin rijiyar.

"Ni ce wannan," ta ce.

Ba sai na yi muku lissafi ba. Duk abin da ke ƙasa da wannan, kafin fitar Iya ne. Guga na biyu kuma Kyauta ba ta ciki. Saura wuri ɗaya, gugan farko da ke rufe a na'ura.

Ta ɗauki igiyar tana naɗewa, ta warware, ta sake naɗewa.

"Ni ba zan iya buɗe shi ba," ta ce. "Kai ma na so in ce ba ɗan Tilmas ba ne, dokar ba ta hau kanka ba. Amma ni na yi maka wankan ƙyanda, ƙarya zan yi."

"To Iya, ya za a yi?"

"Ka shiga kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Kanka a ƙasa. Ka ɗauko min ita ka fito. Laifin a kaina."

Na sa abin kunne na kunna daga farko. Kasuwa ce dai, ta cika ta batse. Can sai wani gurnani ya fara daga nesa, siriri, ƙasa-ƙasa, ba wanda ya kula da shi. A kansa sai na ji takun ƙafa, aka sauke kaya, wata ta ja numfashi.

"Salamu alaikum rijiyar ƙofa. Kyauta ce 'yar Yalwa, na dawo."

Aka yi ta oyoyo. Ta ce, "Baba Marka, Innata na gida?" Aka ce ai ta tafi taryenki ta yamma tun da safe. Sai ta yi dariya. "Inna ke nan. Bari in wanke ƙafa in bi ta, kar ta kai gidan mijina ta ce musu na ɓata." Ruwa ya zuba a ƙafa. Gurnanin ya ƙaru. Sai ta ce, da murna fa, don a Tilmas ruwan sama baƙo ne, "Baba Marka, hadari ne wancan?"

A nan ya kamata in tsayar. Duk yatsun nan nawa ba wanda ya motsa da wuri. Na ji kaɗan daga abin da ya biyo baya kafin in fizge wayar. Ba zan gaya muku ba, Iya ta yi gaskiya a kan wannan.

Na yanko daga sallamar zuwa dariyar, na tace gurnanin kamar mai tace gasara har ya kusa fita duka, na sa mata abin kunne. Ta saurara, ta matse shi da hannu biyu.

"Kamar sauro a cikin tulu," ta ce. "Ƙara."

Na ƙure maɓallin. Na sa a lasifika ta kafa kunne a jiki. Ta girgiza kai. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in jefa na'urar a rijiya. Mun ƙetare gishiri, mun yi wa soja ƙarya, mun karya dokar garinta, ga Kyauta na magana a gabanta, ita kuma tana kallon bakina tana jira in fassara mata.

Sai ta dubi igiyar da ke cinyarta, inda shatin haƙoranta yake.

"Miƙo min muciya."

Na ciro muciyar tuwo daga ƙunshinta. Ta dafa kan muciyar a jikin lasifikar, ta sa ƙotar a baki. Kafin ta cije ta ce, "'Yan haƙoran nan da suka ƙi faɗuwa, yau za su gaya min dalili."

Na kunna.

Na ga lokacin da muryar ta shige ta. Kafaɗunta ne suka sauka. Ta yi min alama da yatsa in sake, na sake. Na sake. Ban ƙirga ba. Miyau na bin muciyar, ba ta damu ba. Da ta cire daga baki ina jira ta yi kuka, ko salati, ko wani abu dai irin na manya. Sai ta ɓata fuska.

"Mura take yi," ta ce. "Ji hancinta a toshe. Na sha gaya mata ta daina tafiyar sassafe ba mayafi."

Ni ne na yi kukan. Ita ta dafa min kai tana cewa maigida ba ya kuka a gaban matarsa, mutane za su ce ba ta ba shi abinci.

Dawowarmu ba wani labari. Na yi shiru a Kwarin Aro, saje ya sake cin sinasir, kunkuru bai yi tuntuɓe ba. A hanya duk inda muka yada zango sai ta ciro muciya, in kunna mata, ta cije, ta yi ta faɗa da Kyauta a kan mayafi.

Na zauna na haɗa faifan. Luguden tsuntsaye ya zama bugun kiɗan farko. Kukan ƙyauren nan na ja shi ya yi tsawo har ya koma kamar goge. Tallan fura da gardamar mata na jera su a kan wani sanyin sauti da ke hawa yana sauka. Duk wannan bai ba ni wuya ba. Na ƙarshen ne ya hana ni sakat. Wakili ya ce a sa gugan farko duka, kar a rage ko tari, don da shi kaɗai za a rufe bakin Ƙarfawa. Iya ta ce a rufe muka yi alkawari. Manyan da na ce za su yanke suka rabu biyu, kowa da gaskiyarsa, aka bar ni da yatsana a kan maɓalli.

Ran tunawa filin ya cika. Kiɗan ƙarshe ba ganga ba komai. Na mayar da gurnanin yadda yake, ban tace ba. Kyauta ta yi sallama, ta tambayi Innarta, ta yi dariya, ta wanke ƙafa, ta ce, "Baba Marka, hadari ne wancan?" A nan faifan ya ƙare.

Ba wanda ya motsa. Wasu tsofaffi na gani sun ɗaga kai suna duban sama.

Wakili ya kira ni gefe. "Ba abin da na aike ka ba ke nan."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya juya ya dubi na'urar. "Sake sa min na ƙarshen."

Kunnen Iya ya rufe ruf kafin kaka, ta ce a bar shi ya huta, ta riga ta kwashe abin da take so. Bara ta rasu, da muciyar a gefen shimfiɗarta. Ƙarfawa kuwa har gobe cewa suke fari ne. Sun ce faifan ai muryar wata yarinya ce tana tambayar ruwan sama, me ya nuna? Wakili bai daina aiko min ba. Sauran gugan farko yana nan cikin na'ura, ban goge ba, ban kuma buɗe ba. Wata rana in ga na kyauta wa mutanen da ke ciki, wata rana in ga na bar waɗanda suka kashe su suna barci da munshari.

Ni dai a bakin hadarin nan na yanke. Kai da ka biyo ni har nan, in yatsanka ne a kan maɓallin, a ina za ka yanke?